Yadda ake shirya motar hawan yau da kullum don gudu a filin tsere

Cikin motocin tokunbo da ake saukewa a Apapa da Tin Can akwai waɗanda tun asali don gudu aka ƙera su, irin su Ford Mustang, Chevrolet Camaro, Mazda MX-5 da wasu BMW. A Amurka da Turai mai irin wannan mota yakan je aiki da ita duk mako, ranar Asabar kuma ya kai ta filin da aka keɓe ya gwada ƙarfinta, da yamma ya tuƙo ta gida. Matasanmu da ke sayen su sukan tambayi abin da za a ƙara wa injin. Ni a ganina injin ne abu na ƙarshe da za a taɓa. Mutanen da suka daɗe a harkar da birki suke farawa, sai taya.

Wasan iri biyu ne, shirinsu kuma ba ɗaya ba. Akwai ranar fili, wato a buɗe titin tsere ga masu motocin gida, kowa ya biya, a raba su rukuni rukuni bisa ƙwarewa, a riƙa zagaye na kamar minti 20 a huta. Ba gasa ba ce, ba a ba da kofi. A Jamus ma tsohon titin Nürburgring, mai tsawon kusan kilomita 21, ana buɗe shi ga jama'a a wasu lokuta. Na biyu shi ne otokuros, wanda ƙungiyar SCCA ta Amurka ta shahara da shiryawa. Ana jera robobin nan masu tsini a babban filin ajiye motoci ko tsohon filin jirgi, mota ɗaya ta shiga ita kaɗai, a auna lokacinta. Zagaye guda bai cika wuce minti ɗaya ba, gudun ma da wuya ya haura kilomita 100 a awa, kuma duk robar da ka ture an ƙara maka daƙiƙa 2. Otokuros taya yake ci. Ranar fili kuwa birki take gasawa.

Man birki shi ne abin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ne mai kashe mutum. Idan aka yi ta taka birki da ƙarfi daga babban gudu, zafin faifan yana ratsawa har cikin man. Da ya tafasa sai ya yi kumfa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa kamar ka taka soso, motar kuma ba ta tsaya ba. Ƙa'idar da ake rubutawa jikin gwangwani ta nuna cewa sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma 260. To amma man nan yana shan danshi daga iska, idan ya sha kuwa DOT 3 sai ya sauko wajen 140, DOT 4 wajen 155. Duk wanda ya zauna Legas ko Fatakwal ya san irin danshin da muke ciki, balle ga motar da ta yi makonni a kan teku, ba wanda ya san yaushe rabon da a canja mata mai. Ba ciko za a yi ba. A zubar da tsohon duka, a zuba sabon DOT 4 mai kyau daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a fitar da iska ta ƙafafu huɗu. A kula: DOT 5 dabam ne da DOT 5.1, na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran.

Fad ɗin birki kuma ya zamana da sauran nama fiye da rabi kafin a shiga, don wuni ɗaya a fili yana iya cin abin da watanni a gari ba su ci ba. Akwai fad na tsere zalla, amma ba na ba mai mota ɗaya shawarar sa shi. Sai ya ɗau zafi yake kamawa sosai, ga ƙara, ga cin faifai. A gosulon Oshodi da sassafe wannan wahala ce kawai. Na tsaka-tsaki, wanda aka yi don titi da ɗan gudu, ya isa. Wajen saye a nemi dilan da aka sani, domin jabun kayan birki sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu kuma tsaf kamar na gaske.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar tokunbo tana iya zuwa da zanenta raɗau alhali robar ta bushe, irin wannan kuwa a kwana take tona asirin mai ita. Wadda ta wuce shekara shida ba ta da wurin zama a fili. Masu otokuros a rukunin motocin gida sukan sa taya mai alamar 200 ta saurin cinyewa, mai laushi da riƙe ƙasa, sai dai ba ta daɗewa, idan ta fara suɗewa kuma ba ta son ruwa kwance, mu kuma daminarmu doguwa ce. Wanda ke da hali ya yi sawu biyu na taya da rim. Iska kuwa a auna ta da geji na kanka, kada ka dogara da bugun mai faci. Tana hawa idan taya ta yi zafi, saboda haka ana dubawa bayan kowane zagaye. Wata dabara ta 'yan otokuros ita ce a shafa alli a kafaɗar taya: idan allin ya goge har gefe, tayar na kwantawa a kwana, a ƙara iska kaɗan.

Ɓangaren injin gajere ne. Baƙin mai sabo, a cika shi daidai layin sama ba a wuce ba, don a doguwar kwana mai yakan taru gefe guda famfo ya ja iska. Lagireto a wanke, a duba tiyo da fanka. Al'adar nan ta cire tamostat a zuba ruwan famfo zalla, wadda makanikai da yawa ke yi wai don zafin ƙasarmu, a gyara ta tukuna: ruwa zalla yana kawo tsatsa, injin kuma an ƙera shi ne ya yi aiki a wani zafi na musamman.

Sauke mota ƙasa yana da kyau a hoto. Amma motar da za ta bi ramuka da tudun rage gudu da ambaliyar Lekki, in aka sauke ta, kaskon mai ne zai biya. Gara a tabbata shokozoba ba ta yoyo, ƙafafu ba sa wasa, a yi alaimen. Karkatar da kan tayun gaba ciki kaɗan yana taimakawa a kwana, ya yi yawa kuma sai cikin taya ya cinye a hawan yau da kullum.

Ranar tafiya a kwashe komai: tabarmar ƙafa ta direba, kwalbar ruwa, carbin da ke rataye a madubi, jak da kayan but. Kwalba ɗaya in ta shige ƙarƙashin birki ta gama aiki. Batir ya kasance a ɗaure, notocin taya a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin da littafin motar ya faɗa. Masu shirya wasa a Amurka suna neman hular kwano mai shaidar Snell, wadda ake sayarwa a bakin titi ba za ta shige ba, filaye da yawa kuma ba sa karɓar mota mai buɗaɗɗen sama sai da ƙarfen kariya a bayan kujeru. Bayan kowane zagaye a yi ɗaya a hankali don birki ya huce, in an tsaya kada a ja hambirki, a bar ta a giya a wuri mai daidai, domin fad yana iya mannewa a faifai mai zafi.

Saura batun kuɗi. Yawancin inshora ba sa biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere, shi ya sa a can ake sayar da ta wuni ɗaya dabam. A karanta takarda kafin a shiga, musamman in motar ita ce ke kai yara makaranta ranar Litinin. Kuma duk abin da na faɗa na filin da aka killace ne, mai jami'ai da motar asibiti. Gadar Third Mainland da tsakar dare, ko hanyar Legas zuwa Ibadan bayan asuba, ba sa cikin lissafi: can akwai tirela da ta mutu ba fitila, akwai mai tsallaka titi.