Daga Farantin Talla zuwa Allon Waya: Yadda Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ke Sauraron Mai Talla

Wanda ya bi Titin Zariya daga shataletalen Dangi ya nufi Unguwa Uku zai sha talla har ya ƙoshi. Ga manyan alluna a sama, ga takardun makarantu da na 'yan siyasa a jikin katangu, ga motar mai maganin gargajiya da lasifika, ga kuma wayar da ke aljihunsa tana kawo nata. Wannan hayaniya tana da tarihi, kuma a kowane zamani tambayar mai saye a Kano ba ta sauya ba: wa ya tsaya wa wannan kaya?

Kafin rediyo, baki ne ke talla. Sankira yana zaga unguwanni da saƙon sarki, maroƙi yana yayata sunan attajiri a wurin biki, dillali kuma yana tsakanin mai kaya da baƙo a Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. La'adar da dillali ke karɓa kuɗin mutuncinsa ce, domin idan kaya suka fito da algus shi za a nema.

A cikin gidaje kuwa akwai wata kasuwar da ba ta da rumfa. Matan aure suna soya ƙosai, suna dafa alala da dambu, yara su ɗora faranti a ka su fita suna kira. Wata masaniya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a shekarun 1970 tana nazarin wannan sana'a, ta nuna yadda yara suka zama ƙafafun iyayensu mata a harkar ciniki, da yadda ribar ke tafiya wajen tara kayan ɗaki. Mai saye ya san yarinyar, ya san gidan da ta fito, ya san hannun da ya yi girkin. Haka ma dillaliya: tana shiga gida gida da ƙunshin atamfa da sarƙa, a ɗaga, a shafa, a taya, ta ce albarka, a ƙara, ta sallama.

Takarda ce ta fara raba mai talla da fuskarsa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fitowa a Zariya a 1939, ta kai rubutun boko na Hausa ga masu karatu da yawa, tallar kamfanoni kuma ta biyo ta shafukan jaridu. Sai dai rediyo ce ta shiga kowane zaure. Masu kaya sun gane da wuri cewa Bakano ya fi yarda da muryar da ya saba ji, don haka suka koma ga mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo da fitattun masu gabatar da shiri. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa gidan talabijin na CTV a farkon shekarun 1980, wanda yau ake kira ARTV, a Hotoro. Da Freedom Radio ta buɗe a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka biyo baya, ƙananan 'yan kasuwa ma suka samu damar jin sunan shagonsu a iska. Kusan kowace irin wannan sanarwa tana ƙarewa da kwatance: layi kaza, daura da masallaci kaza, a tambayi Alhaji wane.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma ƙaramar hukumar Tarauni ta samu babban rabo, domin a nan kasuwar waya ta Farm Centre ta bunƙasa. Dubban matasa suna sayar da sababbi da na hannu, suna gyara, suna tura waƙoƙi da finafinai a kan 'yan kuɗi kaɗan. Da yawa daga mutanen Kano da ƙauyukanta a wannan kasuwa aka buɗe musu shafin Facebook na farko.

Farkon haɗuwar jama'a da tallar waya bai yi daɗi ba. Saƙonni suna shigowa dare da rana, a wayi gari an yanke wa mutum kati saboda wata waƙar kira da bai nema ba. Koke ya yi yawa har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito da lambar 2442 a 2016, don mai layi ya toshe saƙonnin da ba ya so. A ƙarshen wannan shekara kuma MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai alƙawarin riba mai yawa, ta rufe asusun masu zuba kuɗi, mutane da dama a faɗin ƙasa suka tafka asara. Tun daga lokacin, duk tallar da ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda sai a ce ta 'yan damfara ce, ko da yake har yau ana samun masu faɗawa.

Akwai kuma maganar data. Wanda ya sayi ta kwana ɗaya don ya kalli wa'azi ko wani shiri a YouTube yana ganin tallar da ta tsaya masa a gaba kamar mai cin kuɗinsa, yana ƙagara alamar tsallakewa ta fito.

Duk da haka ciniki yana gudana a waya fiye da kowane lokaci. Matar aure a Gyaɗi-Gyaɗi tana ɗora hoton leshi, turaren wuta ko cincin a WhatsApp, ƙawaye da dangi su gani, ɗan sahu ko mai babur ya kai kaya har ƙofa, kuɗi su shigo ta asusun banki. Aikin da dillaliya da yarinya mai faranti ke yi ne ya koma cikin allo. A ƙarƙashin tallar baƙon shago a Instagram kuwa, tambayoyin da ake yi sanannu ne: "Ina shagonku yake?" "Nawa ne gaskiyarsa?" "Zan iya biya in kaya sun iso?" Mai shago a Farm Centre ko Titin Gidan Zu yana da amsa, shi ya sa yake ɗaukar bidiyo a bakin rumfarsa yana faɗin lambarta.

Taurarin Kannywood da 'yan TikTok su ne suka gaji maroƙa da mawaƙan rediyo, kuma a nan sabuwar matsala ta taso: mai kallo ba ya rarrabe yabon gaskiya da yabon da aka biya. A Nijeriya, dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a madadin tsohuwar hukumar APCON ta sanya tallar intanet ƙarƙashin kulawarta. Masu saye a Tarauni dai ba su jira hukuma ba: idan man shafawa ya ƙona fata ko waya ta mutu bayan mako guda, shafin tauraron da ya tallata ake fara cikawa da ƙorafi, sannan a ɗauki kayan a nufi shagon.