Chaitra: Watan Farko na Shekarar Indiya da Bukukuwansa

Chaitra shi ne watan farko a yawancin kalandar mabiya addinin Hindu. Yana faɗowa tsakanin Maris da Afrilu, lokacin da sanyi ya janye, mangwaro ya fara 'ya'ya, manoman arewacin Indiya kuma suka shiga girbin alkama. An raɗa masa sunan tauraruwar Chitra, wadda wata ke cika a kusa da ita.

Tun asali Indiyawa ba su haɗu a kan lissafi ɗaya ba. Arewa ta fi bin ƙirgen Vikram Samvat, wanda ya soma a shekara ta 57 kafin Miladiyya. Maharashtra da wasu jihohin kudu suna bin na Shaka, wanda ya soma a shekara ta 78 Miladiyya. Al'ada na danganta shi da Sarki Shalivahana, masana tarihi kuma har yau suna jayayya kan wanda ya kafa shi. Ko ranar kamawar watan ma akwai saɓani. A Maharashtra da Karnataka da Andhra Pradesh wata na ƙarewa ne ranar da ya ɓace a sama, a arewa kuwa ranar da ya cika. Saboda haka a arewa Chaitra kan kama washegarin cikar watan bikin Holi, amma sabuwar shekara sai ya yi rabi. Kusan duk bayan shekara uku akan ƙara wata guda, shi ya sa Chaitra ba ya zagaya damina da rani kamar watannin Hijira.

Ranar farko ta farin wata, wato rabin watan da haskensa ke ƙaruwa, ita ce babba, domin a imanin mabiya Hindu a ranar ce abin bautarsu Brahma ya fara halitta. Masu jin harsunan Telugu da Kannada suna kiran ta Ugadi. A gidajen Telugu akan haɗa pachadi: furen darbejiya, wadda dama daga Indiya ta zo ƙasar Hausa, da mazarƙwaila da tsamiya da ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono. Kowa sai ya ɗanɗana, don ya tuna shekara na tafe da ɗaci da zaƙi. Daga nan a taru a saurari masanin taurari yana karanta panchang, littafin lissafin kwanaki, yana faɗin abin da ake sa rai na ruwan sama da amfanin gona. A Maharashtra sunan ranar Gudi Padwa. Akan kafa gora a ƙofa ko taga, a ɗaura mata ƙyallen alharini da ganyen darbejiya da na mangwaro, a kifa mata ɗan tulun tagulla ko azurfa a kai. Ranar tana cikin ranaku "uku da rabi" da ake ganin ba sai an nemi sa'a ba kafin a fara wani abu, don haka masu sayar da zinariya da motoci kan yi ciniki sosai.

A ranar ce kuma ake fara Navratri, darare tara na azumi da bautar Durga. Rana ta tara ita ce Ram Navami, haihuwar abin bautarsu Rama, inda garin Ayodhya kan cika maƙil da masu wanka a kogin Sarayu. Mabiya addinin Jain suna bikin haihuwar Mahavira ran 13 ga farin wata, mabiya Hindu na arewa kuma su yi na abin bautarsu Hanuman ranar cikar watan.

Bayan Indiya ta sami 'yanci, gwamnatin Jawaharlal Nehru ta ga rikicin lissafin ya yi yawa, don kalanda wajen 30 ke aiki a ƙasar. A 1952 aka kafa kwamitin gyara a ƙarƙashin masanin kimiyyar taurari Meghnad Saha. Kwamitin ya zaɓi ƙirgen Shaka, ya ɗora shi kan tafiyar rana, ya tsayar da 1 ga Chaitra a ran 22 ga Maris, ko 21 a shekarar da Fabrairu ke da kwana 29. Sabuwar kalandar ta fara aiki ran 22 ga Maris 1957, daidai da 1 ga Chaitra 1879. Lissafi ne mai tsabta, sai dai bai shiga gidaje ba. Ana ganinsa a mujallar sanarwar gwamnati, ana jinsa a gidan rediyon ƙasar, amma mai son sanin ranar Ugadi ko Ram Navami har yanzu panchang yake buɗewa.