Sayen Kayan Rigar Saƙi, Jiya da Yau

Masu iya magana na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya ga hawan salla a Kano ko Zariya ya san har gobe ba rigar da ke cika ido kamar ta saƙi. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake haɗa kayan irin wannan riga a da, da abin da mai nemansu zai tarar a yau.

A ƙarni na 19, mai son riga ba ya sayen yadi da awo. Kasuwar Kurmi yake shiga, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya nemi dillali. Masaƙa maza suna saƙa ƙyalle siriri ne, faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba, sai a harhaɗa da allura. Gwargwadon sirantar ƙyallen da yawansa, gwargwadon tsadar riga. Saƙi shi ne mai baƙi-baƙi da ɗigon fari kamar jikin zabuwa, kuma zarensa ake rinawa da baba kafin a saƙa.

Bayan saƙi sai zaren aiki. Akwai tsamiya, wato silikin gida, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa mai cin ganyen tsamiya. A dafa shi da toka, mata su kaɗa da mazari. Da shi ake yin aska biyu ko aska takwas a gaban riga. Akwai kuma alharini ja, ragowar silikin masaƙun Turai ne da fatake ke ɗaukowa daga Tarabulus ta Gadamas, ana yin shafi da shi a bakin riga. Allura kuwa sai wurin 'yan koli. Ashe ke nan riga guda takan haɗa manomi, da mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da falken Sahara, da maɗinki.

Wannan ciniki ba ƙarami ba ne. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma wanda ke zuwa Tumbutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300.

Abubuwa uku suka karya wannan tsari. Na farko, shunin kanti da Jamusawa suka fara sayarwa a 1897, wanda sannu a hankali ya rage wa baba kasuwa. Na biyu, jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, ya cika kasuwa da akoko da alawayyo masu araha, ya kuma kashe hanyar raƙuma. Na uku, masaƙun zamani, tun daga ta Kaduna a 1957. Abin takaici, su ma ɗin sun durƙushe: ta farkon ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, yadin Sin ya mamaye Kantin Kwari.

Saboda haka mai neman kayan rigar da a yau sai ya yi hattara. Akwai yadin inji mai kwaikwayon saƙi. A juya bayansa, in ba a ga ɗinkin haɗin ƙyalle ba, ba shi ba ne. Tsamiyar gaskiya ba ta ƙyalli, launinta na ƙasa-ƙasa ne, tana da kaushi a hannu. Har yanzu ana rini a Ƙofar Mata da Kura, ana ɗinkin hannu a birnin Zariya, amma masu sana'ar sun yi ƙaranci.

A ƙarshe, araha ba ta ado. Sana'a ba ta rayuwa da yabo, sai da mai saye. Ranar da aka daina tambayar saƙi a kasuwa, ranar masaƙi zai naɗe kayansa, jikokinmu kuwa sai dai su ga rigar kakanninsu a Gidan Makama, ta bayan gilashi.