Daga Aci-bal-bal zuwa Lantarki: Tarihin Wuta a Gidajenmu

Mu da muka tashi a ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum tun muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato, mun san wuta ido da ido. Ɗakunanmu na jinka ne, danga ta kara, fitila kuwa aci-bal-bal ko ta ƙwai. Da hunturu ya kama, iyayenmu mata ba sa kwanciya sai sun rufe garwashi da toka, domin tartsatsi ɗaya kan cinye unguwa har da rumbunanta.

A 1972 aka kafa hukumar NEPA, sannu a hankali turakun lantarki suka iso garuruwanmu. Bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, gine-ginen siminti da kwano suka yawaita. NEPA ta zama PHCN a 2005, sannan a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Muka yi murnar rabuwa da jinka, ashe gobara mazauni kawai ta sauya: ta bar murhu ta shige cikin bango da silin, inda ido ba ya kaiwa.

Yadda take kamawa ba boyayye ba ne. Siririyar wayar da aka ja domin ƙwan fitila biyu da fanka, ita ce yau ke ɗauke da firji, hita da dutsen guga a soket ɗaya. Waya ta yi zafi, robarta ta narke. Fis ɗin da zai yanke wutar kuwa an ɗaure shi da ƙusa. A ɗauke wuta da magariba, a manta hita a kunne, a dawo da ita cikin dare kowa na barci.

Ya ku 'yan uwa mazauna birane, yawancin waɗannan kaya mu ne muke aiko wa tsofaffinmu. Araha ba ta ado. Kafin mu aika firji, mu aika kuɗin wayar tagulla mai kauri da ƙwararren ma'aikaci. Tun 2015 doka ta ɗora wa hukumar NEMSA tantance masu wannan sana'a. A raba layin janareta da na gari. A koya wa iyali cewa wutar lantarki ba a watsa mata ruwa: a kashe babban makunni, a zuba yashi.

Iyayenmu sun tsare mu da toka. Mu ma mu tsare su da waya tagari. Allah Ya kare mu daga gobara, amin.