Ƙira da Zubi: Tarihin Sandar Golf ta Gwanaye

Daga maƙera sandar ƙarfen golf ta fito. A ƙarni na 19 maƙeran Sikotilan ke ƙera kanta da masaba, kamar yadda maƙeran Kebbe ke ƙera hauya. A shekarun 1960 injiniya Karsten Solheim, mai kamfanin Ping a Amurka, ya rarake bayan kan, ya mayar da nauyin gefe-gefe, domin ƙwallo ta miƙe ko da bugu ya kauce. Zubi ya sauƙaƙa yin irin wannan da yawa.

Duk da haka, gwanaye da dama sun riƙe ƙirar asali. Siririya ce, ba ta rufa wa kuskure asiri, amma tana ba mai ita ikon lanƙwasa ƙwallo yadda ya ga dama. Ɗan koyon da ya saye ta don ado, bugunsa zai tona shi.