Daga Kambin Sarki Zuwa Ɗakin Gwaji: Tarihin Auna Dansitin Ƙarafa

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare zai tuna wannan gwajin. Malamin fizis ya miƙo maka guntun ƙarfe, ka ɗora shi a sikeli, ka ɗaura masa zare, ka zura shi cikin gwangwani mai ɗan bututu a gefe, ka tari ruwan da ya zubo a kwalbar awo. Sai ka raba nauyin da yawan ruwan. Lokacin da muka yi namu, ni dai maki kawai nake nema. Sai daga baya na gano cewa zargin ha'inci ne mafarin labarin gwajin.

Abin da ake aunawa shi ne dansiti, wato yadda abu ya cunkushe: giram nawa ne a cikin kowace santimita kubik ɗaya. Kowane ƙarfe da nasa adadin. Zinare 19.3 ne, dalma 11.3, azurfa 10.5, jan ƙarfe kusan 9, baƙin ƙarfe 7.9, alminiyam kuwa 2.7.

Labarin ya faro ne a birnin Sirakus da ke tsibirin Sisili, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sarki Hiero na Biyu ya ba wani maƙeri zinare ya ƙera masa kambi. Nauyin kambin ya cika daidai, amma sarki ya ji raɗe-raɗin an gauraya da azurfa. Sai ya umarci masanin lissafi Arkimidis ya gano gaskiya ba tare da ya lalata kambin ba. An ce wata rana ya shiga kwarmin wanka, ya ga ruwa na malala, nan take ya gane cewa jiki yana ture ruwa daidai girmansa. Tunda azurfa ba ta kai zinare cunkushewa ba, kambin da aka yi wa algus zai ture ruwa fiye da tsantsar zinare mai nauyinsa. Murna ta sa ya fita titi tsirara yana ihun "Yureka", ma'ana na gano. Shi ya sa ake kiran wancan gwangwanin namu gwangwanin Yureka.

To, amma fa akwai 'yar matsala. Labarin bai zo a rubuce-rubucen Arkimidis da suka iso gare mu ba. Bitrubiyus, masanin gine-gine na Rum, shi ya kawo shi bayan kusan shekara 200. Mu ɗan yi lissafi. Kambin tsantsar zinare mai giram 1,000 zai ture ruwa santimita kubik 52. Idan giram 300 daga ciki azurfa ce, zai ture kusan 65. Bambancin 13 ne. A cikin kwano mai faɗin baki santimita 20, wannan bambanci bai kai rabin milimita ba a tashin ruwa. Wane ido zai ga haka? Ga kuma kumfar iska da ke maƙalewa a jikin kambi.

Irin wannan shakkun ne ya sa Galileo, yana ɗan shekara 22 a 1586, ya rubuta wani ɗan littafi kan ƙaramin sikeli. A ganinsa, Arkimidis ya yi amfani ne da ƙa'idar da shi kansa ya rubuta: abin da aka nutsar a ruwa yana rage nauyi daidai nauyin ruwan da ya ture. Ka daidaita kambi da tsantsar zinare a sikeli, ka nutsar da su duka biyun, sai ɓangaren zinare ya rinjaya da giram 13. Wannan kam ko sikelin kasuwa zai nuna.

Sai dai tun kafin Galileo da ƙarnuka, malaman ƙasashen Musulmi sun yi nisa a wannan fage. Al-Biruni, wanda aka haifa a Khwarizm a 973, ya ƙera mazubi mai faɗin gindi da siririn wuya, da bututun da ruwa ke zuba ta ciki. Siririn wuyan ne dabarar, domin ko ƙaramin canji sai ya bayyana. Adadin da ya samu na zinare ya ɗan haura 19, dab da na yau. A wajajen 1121, Al-Khazini na birnin Marw ya kammala littafinsa Mizanul Hikma, inda ya bayyana sikeli mai faranti 5, ya kuma ja hankali cewa zafi ko sanyin ruwa na shafar sakamako. Akwai kuma labarin Al-Isfizari, wanda ya ƙera wa Sarki Sanjar irin wannan sikeli mai tona algus. Ma'ajin sarki ya ji tsoron kada asirinsa ya tonu, ya farfasa shi, baƙin ciki kuma ya yi ajalin maƙerinsa. Ka ga ashe awo ma yana da maƙiya.

Har gobe gwajin na da amfani ga mai sayen sarƙa ko awarwaro. Tagullar da aka shafa wa ruwan zinare ba za ta wuce 9 ba, komai ƙyallinta. Amma a lura, zinaren ado yawanci gauraye yake: mai karat 18 yakan tsaya wajen 15 zuwa 16. Akwai kuma ƙarfen tangistin mai dansiti 19.25, wanda mazambata ke cusawa cikin sandar zinare, wannan gwaji kuma ba zai kama shi ba. Nan sai an haɗa da na'urar da ke tura sauti ta cikin ƙarfen.

Don haka ɗalibi, in ka tsaya gaban gwangwanin nan, ka jira ɗigon ƙarshe ya faɗo kafin ka zura ƙarfen, ka kaɗa zaren kumfa ta fita, ka saukar da idonka daidai bakin ruwa kafin ka karanta, sannan ka maimaita sau uku.