Kuɗin Mai da Ramukan Sharaɗa

Jirgin ƙasa ne ya haifi Bompai. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma masana'antun da aka fara kafawa a unguwar tun zamanin Turawa da shi suka dogara wajen shigo da injuna da fitar da kaya. Sharaɗa da Challawa kuwa sun bunƙasa ne a shekarun 1970 da 1980, daidai lokacin da jirgin ya fara ja da baya. Tirela ta gaji aikinsa. Nauyin da ƙarfen dogo ke ɗauka ya koma kan kwalta, mu kuma ba mu taɓa zama mun yanke wanda zai riƙa biyan gyaranta ba.

Nauyin nan ba abin wasa ba ne. Wani gwaji da injiniyoyin Amurka suka yi a jihar Illinois a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan jerin tayoyin mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa titi takan ninku kusan sau goma sha shida. Ke nan tirela ɗaya maƙare da fata daga majemar Challawa ta fi dubban ƙananan motoci cin kwalta. Wannan lissafi ne ya sa ƙasashe da dama ke ɗora kuɗin gyaran hanya a kan mai da kuma girman mota: wanda ya fi ci ya fi biya. Amurka ta kafa asusun hanyoyinta a kan harajin mai a 1956, Ghana ma ta yi dokar nata asusun a 1997.

Mu ma mun gwada, ba sau ɗaya ba. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙara kuɗin fetur zuwa naira 11 kowace lita, ta ware rarar ga asusun PTF da Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta. Komai za a faɗa game da yadda aka raba kwangilolinsa, kuma an faɗi da yawa, mutane sun ga alaƙa tsakanin abin da suka biya a gidan mai da kwaltar da aka shimfiɗa. Shugaba Obasanjo ya rushe asusun a 1999.

A 2002 aka kafa FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya. A ƙarshen 2003 Obasanjo ya ba da umarnin rushe shingayen karɓar kuɗi na manyan hanyoyi, waɗanda direbobi ke kira tolget, da hujjar cewa abin da ke isa baitulmali bai taka kara ya karya ba. A madadinsu ya kawo harajin naira ɗaya da kwabo hamsin a kan kowace lita. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ƙarƙashin Adams Oshiomhole ta ce ba za ta saɓu ba, aka je kotu, aka dakatar da harajin a farkon 2004. Ga tolget an rushe, ga haraji bai tsaya ba: an yi ba wan ba ƙanen. A 2007 aka gyara dokar FERMA, aka sa kashi biyar cikin ɗari na farashin fetur da dizal ya tafi gyaran hanya, kashi 40 na kuɗin ga FERMA, kashi 60 ga hukumomin gyaran hanyoyi na jihohi. Da an aiwatar, da hukuma irin KARMA ta Kano ta sami rabonta a kai a kai. Ba a aiwatar ba. Gwamnatin da ke biyan tallafin mai ba ta da bakin ɗora masa haraji.

Wannan kashi 60 shi ne ya fi shafarmu, domin titunan cikin Sharaɗa da Bompai ba na tarayya ba ne. Kuɗin rajista da sabunta takardun mota jiha ke karɓa, amma yakan faɗa babban asusu ne ya gauraya da na albashi, sai titin masana'anta ya jira kasafin shekara kamar kowa. Rassan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN a Kano sun daɗe suna kukan yawan haraji da rashin hanya a lokaci guda, kuma babu karo tsakanin koke-koken biyu.

Akwai kuma wani ƙulli da masu tsara dokokin nan ba su cika kula da shi ba. Mai masana'anta a Kano ba a tirela kaɗai yake ƙona dizal ba. Janareto yana shan kaso mai yawa, saboda rashin wutar lantarki. Harajin hanya a kan dizal zai zama haraji a kan injin da bai taɓa taka titi ba. A Amurka da Ingila ana rina dizal ɗin da ba na hanya ba don a sassauta masa haraji. Mu ba mu da wannan tsari.

Da mai ya gagara, sai aka koma wasu dabaru: bashin Sukuk na naira biliyan 100 a 2017, sannan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7 na 2019, wanda ya ba kamfani damar gina hanya a cire masa daga haraji. Kamfanin Dangote ya yi titin Obajana zuwa Kabba. To, mai ƙaramin kamfanin roba a Sharaɗa fa? Harajinsa na shekara goma ba zai shimfiɗa kilomita ɗaya ba.

An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta sake ɗauko kashi biyar ɗin nan na 2007, jama'a suka yi ca, Ministan Kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya fito a 2025 ya ce gwamnati ba ta da shirin fara karɓa nan kusa.